Birki kafin kwana ake taka shi, ba a tsakiyarta ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan ara min fili a shafin wasiƙu in yi magana akan tuƙi, musamman shan kwana, saboda kusan duk labarin haɗarin mota da zan karanta sai in ga an rubuta cewa motar ta ƙwace wa direban a kwana, daga nan sai a wuce zuwa adadin waɗanda suka rasu da waɗanda aka kai asibiti, shikenan an rufe labari. Me yasa ta ƙwace? Gudu ne, taya ce, lodi ne, ko birki ya taka inda bai kamata ba? Babu mai tambaya. Ni sana'ata koyar da tuƙi ce, kuma abin da nake gani kullum shine mutum zai iya shekara ashirin yana jan mota lafiya lau amma bai san abin da ke riƙe motarsa a kan kwalta ba idan ya karya sitiyari.

Toh abin da ke riƙe ta ba wani abu bane illa ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, kowace taya wurin bai wuce faɗin tafin hannu ba, guda huɗu, shine duka. Injinka ko doki ɗari uku ne, birkinka ko sabo ne fil, sitiyarinka ko da yatsa ɗaya kake juya shi, komai sai ya bi ta waɗannan wurare huɗu kafin ya isa ƙasa. Kuma riƙon da tayar ke da shi yana da iyaka. Idan ka taka birki kana cin wani kaso daga ciki, idan ka karya kwana kana cin wani kaso, idan ka ba ta totur haka. Ranar da ka nemi birki mai ƙarfi da kwana mai ƙarfi a lokaci guda, taura biyu kenan, ba ta taunuwa, tayar za ta saki kawai ta fara zamewa, kuma taya mai zamewa bata jin maganar sitiyari.

Shi yasa nake gaya wa ɗalibaina aikin kwana ana gama shi ne tun kafin a shiga. Tun kana kan miƙaƙƙiyar hanya sitiyari na tsaye ka rage gudu, ka sauko da giya idan manuwal ce, ka ɗaga ƙafa daga birki a hankali, sannan ka karya. Cikin kwanar ƙafarka na kan totur kaɗan yadda motar ba za ta ƙara gudu ba kuma ba za ta ragu ba, sai ka hango mafita ka fara warware sitiyari sannan ka ƙara wuta. Wasu za su ce ai masu tsere suna shiga kwana da birki a ƙafa, eh gaskiya ne, amma su suna sassauta shi ne daidai yadda suke ƙara juya sitiyari, a filin da suka san kowace kwana kamar sunansu kuma babu tirela mai tahowa ta ɗaya hannun.

Akwai wani lissafi da nake so kowane direba ya riƙe ko da bai yi makaranta ba. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, gudun ake ninkawa da kansa. Ma'ana kwanar da ka sha a kilomita 40, idan ka shige ta a 80 ba ninki biyu tayarka za ta ɗauka ba, ninki huɗu ne. Daga 50 zuwa 70 ma da mutum zai ce ai ɗan ƙari ne, aikin tayar ya kusa ninkawa. Wannan ne yake yaudarar mutane, jiya ka wuce wurin a 60 babu abin da ya faru, yau kana sauri ka ƙara goma ko sha biyar kana ganin ba komai, alhali ka tsallake iyaka. Sannan a kilomita 100 motar na cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙwaƙwalwarka ta ce ma kwanar nan ta fi yadda na zata, ka riga ka shige tsakiyarta.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce mutane suka fi jahilta. Nauyin mota ba a zaune yake wuri ɗaya ba. Ka taka birki hancinta ya duƙa, nauyi ya koma tayoyin gaba, na baya su yi sakayau. Ka taka totur ya koma baya. Ka karya dama ya kwanta hagu. Yanzu ka ɗauka kana tsakiyar kwana da gudu, gabanka ya faɗi, ka cire ƙafa daga totur farat ɗaya ko ka danna birki, me ka yi? Ka kwashe nauyi daga tayoyin baya a daidai lokacin da suke fama su riƙe gindin motar kada ya fita. Sai kawai ka ji bayan ya fara tahowa gefe, kan kace kwabo kana kallon inda ka fito. Mutumin zai rantse maka da Allah shi rage gudu ya yi, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya rage a inda ba a ragewa haka.

Zamewa iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ta farko gaba ne ke zamewa, ka juya sitiyari amma motar ta ƙi bi, ta miƙe tana neman bakin hanya, sitiyarin ya yi sakwaf a hannunka kana jin tayoyi na kuka. Yawancin ƙananan motocin yanzu da tayoyin gaba ke ja haka suke yi, kuma da gangan masu ƙera su suka saita su a haka saboda ta fi sauƙin gyarawa. Abin da jiki zai ce maka shine ƙara juyawa, to wallahi shine kuskuren, tayar da ta riga ta saki ƙara murɗa ta ba ya dawo da riƙo, ƙara lalata shi yake. Ka sassauta totur a hankali, ka ɗan warware sitiyarin kaɗan, nauyi zai dawo gaba tayoyin su kama, sannan ka ci gaba da kwanarka. Abin da wuya a zuciya, kana ganin rami kuma ana ce maka warware, amma haka ne.

Ta biyu baya ne ke zamewa, wannan tafi tsoratarwa. Tana faruwa idan ka saki totur kwatsam kamar yadda na faɗa, ko tayoyin baya sun suɗe, ko motar mai jan baya ce ka ba ta wuta da yawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, irin fikof da babu kaya a bayanta ta ƙware a wannan. Anan sai ka juya sitiyari ta ɓangaren da bayan ya tafi, baya ya yi hagu kai ma ka yi hagu, da sauri amma ba da hauka ba, kada ka taɓa birki. Kuma inda mutane da yawa ke faɗuwa shine bayan sun tare ta sai su manta su dawo da sitiyarin, da tayoyin baya sun sake kamawa sai motar ta yi wulli ta ɗaya gefen da ƙarfin da yafi na farko. Sau da yawa adunguren da ake gani ba fitar da bayan ya fara yi ce ta jawo shi ba, wannan wullin na biyu ne.

Ido kuma shine shugaba. Inda ka kalla nan hannunka zai kai ka, ko ka so ko ka ƙi. Na sha zama gefen ɗalibi a fili fetal babu komai sai durom guda ɗaya da muka ajiye, in ce masa zagaye shi, yana kallon durom ɗin yana cewa to to, har sai ya je ya buge shi. In mota ta zame kana kallon bishiya to bishiyar zaka samu. Ka ɗaga kai ka kalli inda kake so ka fita, can ƙarshen kwanar inda gefen hanya biyu suke haɗuwa a idonka. Wurin nan ma yana ba da labari, idan yana matsowa gare ka to kwanar ƙara tsukewa take ka ci gaba da ragewa, idan ya fara gudu yana nisa to ta buɗe. Kwanar da ta fi cin mutane ita ce wadda take farawa a buɗe sannan ta tsuke daga ciki, irin ta saukowa daga gadar sama, ka shiga da kwanciyar hankali sai ta rufe maka. Doka ɗaya dai, kada gudunka ya wuce wanda zaka iya tsayawa a iya nisan da idonka ke gani a hannunka, domin bayan kwanar nan ƙila akwai babbar mota da ta lalace ba ko ganye a bayanta.

Hannu biyu a sitiyari dan Allah, ɗaya a ƙarfe tara ɗaya a ƙarfe uku idan ka ɗauke shi kamar agogo. Masu kwantar da kujera su ɗora wuyan hannu ɗaya a saman sitiyari ɗayan na kan waya ko a taga, ban san me za su tare mota da shi ba in ta juya. Sannan yanke kwana, wato shiga hannun wani don a miƙar da ita, wannan ba gwaninta bace, caca ce da ran wanda bai san ana yi ba.

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shine masu sakin mota a firi a gangara wai suna tattalin mai, ko su danne kuloci tun daga farkon kwana har ƙarshenta. Ka raba injin da taya kenan, babu mai riƙe motar sai birki kaɗai, birkin kuma in ya yi ta aiki a doguwar gangara zafi yake ɗauka ya daina kamawa, sai ka iso kwanar ƙasa ka taka ka ji kamar soso. Kuma abin dariyar motocin zamani masu injekta idan kana cikin giya ka ɗaga ƙafa a gangara kwamfutar yanke mai take yi, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Kaga ba tattalin, ga kasada.

Jackie Stewart, ɗan Sikotlan ɗin nan da ya zama zakaran tseren Formula 1 na duniya sau uku, 1969 da 1971 da 1973, idan yana koyar da mutane tuƙi wani faranti yake ɗaurawa a kan bonet ya saka ƙwallo a ciki, ya ce ka zagaya fili kada ƙwallon ya faɗo. Mutumin da gudu ne abincinsa amma darasinsa na farko laushin hannu da laushin ƙafa ne. Fizgar sitiyari da dukan birki su ke girgiza mota su sa ta saki.

Yanzu bari in zo kan motar kanta, don wani lokaci direban bai yi laifin komai a kwanar ba, laifin ya yi shi tun watanni da suka wuce a gareji. Taya ita ce farko. A ƙasashen Turai doka bata yarda zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a cikin ramin zanen akwai ɗan tudu da aka saka, da zarar ya yi daidai da fuskar tayar to ta gama aiki. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashi, in babu shi motar hawa kan ruwan take tana yawo. Shekaru ma suna kashe taya ko da zanenta na nan raɗau, robar bushewa take ta taurare. A jikin kowace taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to an yi ta a sati na 23 na 2019. Mutum zai sayi taya ta hannu yana shafa zane yana murna bai duba wannan ba.

Iska kuma, ba lambar da ke jikin taya ake bi ba, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Wadda motarka ke so tana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, kuma da sanyi ake aunawa kafin a yi tafiya. Mai faci ya buga mata ƙafa ya ce ta yi, wannan ba awo bane. Iska ta yi kaɗan tayar lanƙwashewa take a kwana tana ɗaukar zafi, ta yi yawa kuma tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Ga wata da nasan za a yi min gardama, idan taya biyu kaɗai zaka iya saya sababbi, a baya ake sa su ba a gaba ba, ko da motar mai jan gaba ce. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin haka suke ba da shawara, dalili kuwa shine wanda na faɗa a sama, zamewar gaba kowa zai iya lallaɓa ta, zamewar baya sai wanda ya ƙware.

Shokzoba da ta mutu mutane na ɗauka maganar jin daɗi ce kawai, a'a, aikinta ta danne taya a ƙasa. In ta mutu kuma kwanar na da gargada, tayar tsalle take, kuma taya a iska bata riƙe komai. Haka boljoyin da tayarod da bushin, in sitiyari na da wasa ko kana jin ƙwas ƙwas a ƙasa a kai wa bakanike tun kafin su tsinke. Lodi shi ma, duk abin da ka ɗora a saman mota ka ɗaga tsakiyar nauyinta sama ne, ita kuma mota mai tsayi, jif ko bas, kafin ta zame ma tana iya ɗaga ƙafa ta kife. Mai jif yana ganin tunda tayoyinsa huɗu na ja ai ya fi kowa, to jan taya huɗu na taimaka maka wajen tashi ne, ba ya ƙara maka birki kuma ba ya hana ka fita a kwana. Tankar da ba a cika ba tafi cikakkiya sharri, ruwan ciki gudu yake ya daki gefe a daidai lokacin da ake karyawa.

Kan na'urori, a 1978 Mercedes da Bosch suka fito da ABS a motar S-Class, aikinsa hana taya kullewa don ka iya juya sitiyari kana kan birki. In motarka na da shi kuma abu ya taso, taka da ƙarfi ka riƙe, za ka ji feda na karkarwa a ƙafarka tana ƙara, ba lalacewa bace aiki yake, kada ka saki kuma kada ka yi famfo irin na tsofaffin motoci. A 1995 suka ƙaro ESP, wanda shi kwana ce aikinsa, yana duba inda ka juya sitiyari da inda motar ta nufa a zahiri, in sun saɓa sai ya taka wa taya ɗaya tak birki ya rage wuta, baya ya zame ya kama tayar gaba ta waje, gaba ya zame ya kama ta baya ta ciki. Babu direban da zai iya wannan da feda ɗaya. Abin da ya yaɗa shi ma abin kunya ne, a 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class a gwajin kauce wa dabba a hanya, a fizga gefe a dawo, sai motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita na wani lokaci, ya gyara ƙafafunta ya saka mata ESP, daga nan sauran kamfanoni suka bi. Amurka ta wajabta shi ga ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Toyota na kiransa VSC, Honda VSA, BMW DSC, duk abu ɗaya ne.

A dashbod alamarsa hoton mota ne da layi biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashi. In ta yi ƙyafta-ƙyafta kana tafiya to yanzun nan ya cece ka, ka rage. In ta zauna a kunne to a kashe yake ko ya lalace. Kuma da sensocin ABS yake aiki, saboda haka bakaniken da zai ce maka wutar ABS ba komai bace bari in cire ƙwan ko in manna mata baƙin salatif, abu biyu ya kashe maka a lokaci ɗaya. Amma fa ko yana aiki garau ba ya ƙirƙiro riƙon da babu, suɗaɗɗiyar taya a kan ruwa da gudun 120 ba kwamfutar da za ta yi maka komai.

Hanyar ita ma sai an karance ta. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba yafi mamakon ruwan sama santsi, saboda ƙura da man da motoci suka zubar haɗuwa suke su zama kamar sabulu kafin ruwa ya wanke su. Yashi da tsakuwa a gefen waje na kwana suke taruwa, gas ɗin da ya zubo daga manyan motoci shi ma a kwana yake zuba, in ka ga kwalta na ƙyalli kala-kala ka yi hankali. Wata kwanar kuma maimakon ta karkata ciki ta taimake ka sai ta karkata waje.

Na ƙarshe da zan ambata saboda yana kashe mutane sosai, idan kwana ta fi ƙarfinka tayoyin gefe biyu suka sauka daga kwalta suka faɗa ƙasa, kada ka fizgo ta. Bakin kwaltar tudu ne, tayar za ta tokare da shi kai kuma kana ƙara murɗawa, da ta haye sai motar ta harba kai tsaye zuwa hannun masu tahowa ko ta wuntsila. Ka riƙe sitiyari gam ka bar ta ta ci gaba a haka rabi a ƙasa rabi a kwalta, ɗaga ƙafa daga totur, bar gudun ya mutu sosai, duba madubi, sannan ka hau a hankali. Wanda kuma bai taɓa jin karkarwar ABS a ƙafarsa ba ya samu fili babu mutane, ya ɗaura bel, ya taka birki da ƙarfi a gudun 30 ko 40 ya ji yadda take, don kada ranar farko da zai ji ta ta zama a kwana da iyali a baya.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
Mai koyar da tuƙi, kuma mai karanta jaridarku